Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Ba a yi wannan karin magana don korar baƙo ba, amma abin da ake yi da shi ke nan a ƙofofin gidajenmu. Matan rigakafin shan inna za su yi sallama, ɗauke da akwatin sanyi da alli, maigida ya tashi daga dakali ya tare ƙofa. Ba ya zagi. Cewa zai yi: "Baiwar Allah, ku yi haƙuri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Sai su ja alama a bango su wuce, yaran suna leƙe ta zaure.

Raina yana ɓaci, amma ba zan ce mutumin nan bai da hujja ba. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Kano, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200. Rabinsu aka ba sabon maganin, rabi aka ba wani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara 13 iyaye suna jira. Wanda ya san wannan labari, me zai hana shi tsayawa a bakin ƙofa ya yi tambaya? Don haka da jita-jita ta bazu a 2003 cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, ta tarar da zukata a shirye. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai a tsakiyar 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Akwai kuma tambayar da har gobe ba a amsa wa maigidan ba. Zazzaɓin cizon sauro ne ke kwantar masa da yara duk damina. In ya je asibiti, takarda ake rubuta masa ya je kemis ya saya. To me ya sa wannan ɗigo kaɗai ake biyo shi da shi har gida, kyauta, sau da yawa a shekara? Nan kam ya san yoyon ɗakinsa fiye da duk wani jami'i.

Sai dai ba kowace ɓaraka ake gani daga ciki ba. A cikin yara 200 da ƙwayar shan inna ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne ƙafarsa ke shanyewa. Yawancin sauran suna yawo lafiya lau, suna fitar da ita a bayan gida, ta bi kwata da hannu da ruwan sha ta shiga gidan maƙwabci. Maigida zai duba yaransa ya gan su garau, ya rantse gidansa ba matsala, kuma da gaskiyarsa yake rantsuwa. Ɗan maƙwabcin da zai ƙare rayuwarsa a kan keken guragu ba a shawarce shi ba.

Matan da ake mayarwa daga ƙofa kuwa 'ya'yan unguwa ne, talakawa irin maigidan. A watan Fabrairun 2013 an harbe tara daga cikin masu wannan aiki a wurare biyu a Kano. Sauran suka ci gaba da bi gida-gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Ba su daina zuwa ba, domin akwai wani nau'inta da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su karɓi ɗigon ba, ga kuma mashaƙo da ya yi mana mummunar ɓarna a 2023.

Na so in ce maigida ya buɗe ƙofa kawai. Amma idan ya buɗe yau, gobe ɗansa ya kwanta da zazzaɓi ya je asibiti bai sami ko ƙwaya ɗaya ba, ban san da wane baki zan roƙe shi ya sake buɗewa ba.