Abin da Sheƙar Kurciya Take Koya wa Ubanni

Karatu: Ayuba 12:7-10, Afisawa 6:1-4

A sura ta 12 ta littafinsa, Ayuba ya aiki abokansa masu yawan surutu su je su tambayi tsuntsaye domin su koyi hikima. Mu ba sai mun yi tafiya mai nisa ba. Kurciya tana tare da mu a tsakar gida, tana tsintar hatsi kusa da turmi, tana yin sheƙa a kan mangwaro ko a ƙarƙashin kwanon rufi.

Duk wanda ya taɓa leƙa sheƙarta ya san ba abin yabo ba ce. 'Yan tsinkaye ne aka ɗora bisa juna, har wani lokaci ana hango ƙwan daga ƙasa. Namiji yakan kawo tsinke, macen ta jera, cikin 'yan kwanaki an gama. Ƙwai biyu farare take sakawa. Idan aka gwada da sheƙar da wasu tsuntsaye ke saƙawa kamar kwando, sai a ce kurciya malalaciya ce. Amma a dakata a ga abin da ke faruwa a cikin wannan ɗan gida.

A Amurka akwai 'yar'uwar kurciyarmu wadda suke kira kurciya mai makoki, saboda muryarta kamar ta mai juyayi. Ita ma tana son zama kusa da mutane, har a tukunyar furanni ta baranda takan yi sheƙa, shi ya sa aka san halinta sosai. Kwanci na kimanin kwana 14 ne, kuma ba macen kaɗai ke yin sa ba. Namiji yakan karɓa daga hantsi zuwa la'asar, macen ta kwana a kai har gari ya waye. Da wuya a bar ƙwan babu kowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana zuwa bayan ƙyanƙyasa. 'Ya'yan ba sa iya cin hatsi a kwanakin farko, don haka Mahalicci ya shirya musu wani abinci mai kauri kamar cuku, wanda ke fitowa daga jakar da ke ƙarƙashin maƙogwaron iyayensu. Masana suna ce masa nonon kurciya, kuma sinadarin da ke sa shi fitowa irin wanda ke kawo wa mai jego ruwan nono ne. Uwa tana ba da shi, uba ma yana ba da shi. Ɗan yakan cusa bakinsa cikin bakin ubansa ya sha. Haka dukan dangin kurciya da tantabara suke.

Ga tambayata gare ku, maza. A gidajenmu, wa ke ciyar da yara da Maganar Allah? Wa ke kai su makarantar Lahadi, wa ya san ayar da suka haddace, wa ya san sunan abokin da ɗanmu ke yawo da shi? A ikilisiyoyi da yawa amsar ɗaya ce: mama. Zumuntar mata cike take, amma a sujadar iyali da dare baba yana majalisa ko yana kallon ƙwallo. Alhali kuwa a Afisawa 6:4, da Manzo Bulus ya zo kan goyon yara cikin horo da gargaɗin Ubangiji, ubanni ya kira da suna.

Na san amsar da za a ba ni: ai nema nake yi musu. Gaskiya ne, kuma Littafi Mai Tsarki bai yi wa wanda ya ƙi kula da iyalinsa da sauƙi ba. Akwai 'yan'uwanmu da ke aiki a Legas, ko Fatakwal, ko Abuja, suna hana kansu jin daɗi domin kuɗin makaranta da na bulo. Ban raina wannan wahala ba. Sai dai mutum yana iya gama gini mai ɗaki shida ya tarar cewa yaran da ya gina dominsu sun zama baƙi gare shi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sarki Dauda yana da fādar itacen al'ul, amma 1 Sarakuna 1:6 ta gaya mana bai taɓa tsawata wa ɗansa Adonija ko ya tambaye shi dalilin abin da yake yi ba. Wannan ɗan ne ya tashi neman gadon sarauta tun ubansa yana kwance da rai.

Yanzu a dubi Yusufu, kafinta na Nazarat. Sa'ad da suka kai jariri Yesu Haikali, hadayarsu kurciyoyi biyu ce ko 'yan tantabaru biyu (Luka 2:24), wato abin da Shari'a ta yarda wa wanda bai iya sayen ɗan rago ba (Littafin Firistoci 12:8). Talaka ne. Amma yana nan a Baitalami, shi ya tashi da dare ya kai yaron da uwarsa Masar, kuma yana cikin masu nemansa kwana uku a Urushalima lokacin da yake da shekara 12.

Wanda aikinsa ya kai shi nesa, waya tana hannunsa. Ya kira ya yi addu'a da yaran, ba tambayar ko kuɗi sun iso kaɗai ba. Inda kuma uba ya rasu, wannan nawaya tana kan mazan ikilisiya, gama Allah ya kira kansa Uban marayu a Zabura 68.

Akwai abu guda da ya rage. Bayan kimanin mako biyu 'ya'yan kurciya mai makoki sukan bar sheƙa, amma ba su gama koyon neman abinci ba, kuma a lokacin ne muzuru da shaho suka fi samunsu. Sau da yawa macen ta riga ta koma shirin sabon ƙwai. Uban ne ke binsu a ƙarƙashin itatuwa, yana ciyar da su har wajen mako biyu. Ku ubannin da 'ya'yanku suka tafi makarantar kwana, ko jami'a, ko bautar ƙasa, yaushe rabonku da zama da su ku ji yadda suke ciki da Ubangiji?