Tausar Jinjiri da Haƙƙinsa a Kan Mahaifansa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci ɗan Adam da rauni, Ya sanya tausayinsa a zukatan mahaifansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani magidanci ya tare ni bayan sallar asuba a nan Tama, yana ƙasa-ƙasa da murya. Ya ce matarsa tana jego, tsohuwar da ke yi wa jinjirin wanka ta koma garinsu, ga hunturu ya kama, fatar yaron sai tsagewa take. Tambayarsa ita ce ko ya dace shi namiji ya ɗauki ɗansa na fari ya shafa masa mai. Na ce masa ya dace, har da lada. Sai na ga ya kamata in rubuta amsar, domin ba shi kaɗai wannan kunya ta ɗaure wa hannu ba.

Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ba shari'a ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama ɗiyar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sumbaci Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce ƴaƴansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, kuma Annabi bai yaba masa ba. Yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don kada hankalin uwa ya tashi. Wa ya fi shi kunya a cikinmu? Mu mutanen Adar, da yawanmu kan yi watanni a wajen bida, a Najeriya ko Abijan ko Libiya. Wanda Allah Ya nufa yana gida lokacin jego, kada ya zama baƙo ga ɗansa.

Malaman Musulunci ba su raina wannan babi ba. Ibnul Jazzar, likitan Ƙairawan, ya yi littafi sukutum a kan renon yara. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo a cikin Alƙanun yadda ake wa sabon haihuwa wanka da ruwa mai ɗumi, da taɓa gaɓoɓinsa a hankali, da jijjiga shi da yi masa waƙa. A zamaninmu, a 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya yi wa jinjiri lafiyayye, wanda watanninsa suka cika, tausa mai taushi a duk jiki, saboda amfanin da ake fata ga girmansa. Iyayenmu mata sun riga sun shaida abin da ido ke gani: yaro yakan natsu, ya yi barci, fatarsa ta yi laushi. Wani amfanin kuma shi ne, mai tausa kullum yana duba jikin yaro tsirara, shi zai fara ganin ƙurji ko kumburi ko rama.

Ga yadda ake yi. A sami ɗaki mai ɗumi, a tare iska. A wanke hannu da sabulu, a yanke farce, a cire zobe da awarwaro. A yi bisimilla, a ɗauki ɗan mai mai tsabta, kamar man kaɗe, a murza shi a tafin hannu har ya yi ɗumi. A fara daga cinya zuwa tafin ƙafa, sai hannuwa, sai ƙirji, sai ciki a hankali, sannan a kifa shi a cinya a bi bayansa. Ana yi ana yi masa magana, ana kallon fuskarsa. Minti goma ya isa. Ba a yi da zarar ya gama shan nono, kuma in ya kau da kai yana tsala kuka, a bari sai wani lokaci.

A nan zan tsaya in roƙi iyayenmu tsofaffi, tare da girmama hidimarsu, domin da yawanmu a hannunsu muka tashi. Tausa daban, murɗa daban. Matse kan jinjiri wai don ya yi kyau, da jan hanci, da lanƙwasa ƙafafu da ƙarfi, da danna masa tsumma mai ƙuna, duk cutarwa ce, kuma shari'a ta hana cutarwa ko da niyya mai kyau. Kai da kansa yake daidaita. Kada a zuba mai a hanci ko kunne ko ido. Kada a shafa masa man zafi na manya, balle kananzir. Cibiya kuwa a bar ta da tsabta a bushe. Toka da ƙasa da kashin dabba suna shigar da tetanos, wadda ke sandarar da jinjiri har ya kasa kama nono. Sai dai maganin da ma'aikatan likita suka bayar.

Haka nan, tausa ba ta warkar da cuta. In maɗiga ta faɗa ciki alhali yaro yana zawo, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, kuma liƙa masa haɗi a ka ba ya mayar da shi. In ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko yana fizga, ko idonsa ya yi rawaya, a kai shi likita a ranar, in sun tura ku Buza ko Madawa ku tafi. Nauyin wannan a wuyan mai gida yake, domin mace mai jego ba ta fita sai da izininsa da kuɗin mota. Bakwaini kuwa, abin da ya fi buƙata shi ne a ɗora shi tsirara a ƙirjin uwarsa a rufe su tare, hanyar da aka soma a asibitin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978. Uba ma yana iya karɓarta ta huta.

Mafi yawan masu reno ba su zuwa inda ake raba wannan takarda. Wanda ya karanta ya shiga gida ya karanta wa iyalinsa da tsohuwar da ke wankan, da ladabi, ba da faɗa ba. Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa Musulunci, amin.