Riga Ta Bi Jiki, Ko Jiki Ya Bi Riga?

Kwanan baya muka zauna a shagon wani tela a Kurmin Sarki, cikin Suleja, muna jiran ya rage mana ƙafar wando. Sai idonmu ya kai kan wata rigar amarya da ya aje bisa tebur, ta tsaya ƙyam kamar da mutum a cikinta. Ya ce koset ke nan, kuma amare da dama ba sa karɓar ɗinki in babu shi.

Ga yadda ake haɗa shi. Tela kan yanka ƙyalle mai tauri gida-gida, kowane yanki da faɗi sama da ƙasa, tsakiyarsa a tsuke. Ya harhaɗa, ya yi shafi, sannan ya ɗinka siraran hanyoyi a tsaye, ya zura musu tsinkayen roba ko na ƙarfe. Ta baya kuma ya huda ramuka layi biyu, ya ratsa igiya. Gadon matan Ingila da Faransa ne, waɗanda a da ake ciro nasu tsinkayen daga bakin wata ƙatuwar dabbar teku. Tun daga shekarun 1820, da aka fara sa wa ramukan zoben ƙarfe, aka sami damar jan igiya iya ƙarfi ba tare da ƙyalle ya yage ba. To in ƙyalle ya ƙi yagewa, jiki ne zai ba da kai. Haƙarƙarin ƙasa ya tsuke, kayan ciki su gusa, numfashi ya koma saman ƙirji.

Mutanen garin nan ba baƙi ba ne wajen fitar da siffa. A nan, lokacin ana kiran garin Abuja, Ladi Kwali ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, hannunta ya fitar da wuyan tulu da duniya ta yaba. Sai dai yumɓu ba shi da huhu.

Da sauƙi mu ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, tunda zanenmu jiki yake bi: wanda budurwa ta ɗaura, shi za ta ɗaura da tsohon ciki. Amma gaskiya mu ma muna ɗauri. Manomi kan ci ɗamara, ɗan kokawa haka, mai jego ma akan tamke mata ciki da zane. Saboda haka ba ɗaurin ne abin tuhuma ba. Abin dubawa shi ne inda ƙullin yake. Ƙullin ɗamara a gaba yake, mai ita ya san lokacin da ta ishe shi, ya sassauta. Igiyar rigar amarya kuwa a gadon baya take, inda hannunta ba ya kai wa. Ƙawa ce ke ja, tana auna ƙugun da idon 'yan biki, ita ko mai jikin ta ji kunyar cewa ya isa. Mu maza, da muke yaba hoton, ba mu da bakin cewa ba hannunmu a igiyar.

Ba mu ce a hana ba. Mace baliga tana da ikon wahala don abin da take so, kamar yadda muke naɗa rawani cikin zafin bazara. Muna dai shakkar kiran abu zaɓi alhali mai shi ba ta iya kwance shi da kanta.

Mun tambayi telan ko amarya kan iya cin abinci cikin rigar. Ya yi dariya, ya ce akan aje mata nata sai an tashi daga biki, sannan ya miƙo mana wandonmu.