Gonar Gado: Mallaka ko Amana?

Duk wanda ya ratsa ƙasar Bokkos ko Mangu a Jihar Filato da damina, zai ga iyali duƙe cikin gona, uba na huɗa, 'ya'ya na biye da shi da irin dankalin Turawa. Sanyin tsaunin, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200, shi ya sa dankali da kabeji da karas suke amsawa a wurin, ga kuma acca da aka gada kaka da kakanni. Tambayar da muke son dubawa a nan ita ce: shin wannan gona ta mai gida ce, ya sayar ranar da ya ga dama, ko kuwa ajiya ce aka ba shi?

A zahiri, gonar tasa ce. Shi ya gaje ta, shi yake shan wahalarta. Idan ɗansa ya sami gurbi a jami'a, kuɗin makaranta ya gagara, ga mai saye ya zo da kuɗi a hannu, wa zai ga laifinsa? Da yawa daga cikinmu da kuɗin amfanin gona aka yi mana karatu, saboda haka ba mu da bakin raina wannan hanzari.

Sai dai manomin da kansa ya san wata ƙa'ida. Kome tsananin yunwa, ba ya cinye irin da ya keɓe domin baɗi. To, gona ita ce irin zuriya. Wanda ya sayar da ita ya biya buƙatar ɗa ɗaya da rabon jikokin da ba a yi shawara da su ba, domin ba su zo duniya ba tukuna.

Tsaunin nan ya riga ya ga irin wannan ciniki. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza, suka birkice gonaki masu yawa. Kuza ta ja baya, kamfanoni sun tafi, an bar wa jama'a ramuka da kududdufai. Da ruwan waɗannan kududdufai ne wasu ke noman rani a yau, suna lallaɓa abin da ya saura. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah. Hatta Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 cewa ta yi gwamna yana riƙe da ƙasar jiha ne bisa amana. In haka ne ga gwamna, ina ga mai gida?

Ba mu ce sayar da gona haramun ne ba, domin larura ba ta da doka. Abin da muke cewa shi ne, kafin a kai ga sayarwa akwai aro, akwai haya, akwai jingina, akwai kuma zama da iyali a yi shawara. Mu kuwa da gona ta kawo mu aji, bashi ne a kanmu mu koma mu fanshi wadda aka jinginar dominmu.