Baki na Hailala, Ƙaho na Ƙarƙashin Ƙasa

Jama'a, tun ranar da magina suka tono tukunyar nan a unguwarmu zuciyata ba ta kwanta ba. Gyaran kwata ake yi a bakin wani shago, sai diga ta ci karo da ita a ƙarƙashin dokin ƙofa, a cikinta ga ƙahon akuya, allurai, layu ɗaure da jan zare. Mai shagon kuwa ɗan sahun farko ne, wanda muke jiyo hailalarsa bayan Asuba. Da aka tambaye shi ko a jikinsa. Wai tsari ne kawai, maƙiya sun yi yawa, ai Allah ma cewa ya yi tashi in taimake ka.

Tashi in taimake ka! A wace sura aka ce ka tashi ka binne ƙaho?

Ƙulhuwallahu ayoyi huɗu ce, sura ta 112. Yaro na fara makarantar allo, da ya wuce Fatiha da Nasi da Falaƙi, ita ake rubuta masa. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya daidaita ta da sulusin Alƙur'ani. Muna karanta ta a salla, muna karanta ta kafin barci, muna karanta wa mamatanmu. A cikinta muke shaida cewa Allah shi kaɗai ake nufa da buƙata. To mai tukunya da wane baki yake karanta ta? Ya sallame salla, ya shafa addu'a, ya zo ya tsallaka ƙahon nan ya buɗe shago, zuciyarsa na ce masa ƙahon ne ke kawo ciniki. Wallahi abin nan ya tsaya mini a rai.

Kada kowa ya ce shi kaɗai ne. Shi dai asirinsa ne ya tonu. Mace ta ji za a yi mata kishiya, sai gidan boka. Ɗan siyasa ya ga zaɓe ya ƙarato, sai a nemo baƙin sa a yanka da tsakar dare. Saurayi zai yi tafiya, sai mai bugun ƙasa ya duba masa rana. Dukkansu da carbi. Alhali hadisin Muslim ya nuna wanda ya je wa ɗan duba da tambaya ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in, kuma aya ta 48 a Suratun Nisa'i ta ware shirka daga zunuban da ake gafartawa ga wanda ya mutu bai tuba ba. Mun ji wannan a tafsirin kowane azumi. Mun ji!

Shekara 13 Annabi ya yi a Makka yana kira ga kaɗaita Allah. An kwantar da Bilal a kan rairayi mai zafi, an ɗora masa dutse a ƙirji, bai janye ba. Mu ciniki ne ya ɗan ja baya muka ruga wajen mai ƙaho. Nan ƙasar ma, cakuɗa Musulunci da tsafi yana cikin abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta wa'azi a kai tun kafin jihadin 1804, daga baya kuma 'yarsa Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna janye mata daga bori. Muna alfahari da sunayensu, muna binne tukwane.

Ku kuma malaman da ke rubuta ayar Allah ku gauraya da hatimi da sunayen aljanu ku sayar, ku ji tsoron Allah. Laifinku ya fi na boka, domin shi bai ɓuya a bayan Alƙur'ani ba.

Don Allah, 'yan uwa, ina roƙonku. Wanda ya binne wani abu ya tone ya ƙone, ya tuba tun da sauran numfashi. Iyaye mata, ku kwance gurayen da kuka ɗaura wa jarirai, ku tofa musu Falaƙi da Nasi, in zazzaɓi ne ku kai su asibiti.