Suna Linzami

An yi wani saurayi a Kano da ya koyi rubuta manhaja da harshen Python, ga shi da zafin nama. Wata rana wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya kawo wa maigidan saurayin aikin manhajar lissafin ciniki, maigidan ya miƙa wa yaron.

Kafin mako ya zagayo ya gama. Sai dai duk ma'ajiyar da ya buɗe don riƙe lamba, ɗan harafi yake laƙaba mata: farashin buhu f, farashin tiya f2, yawan kaya y. A cewarsa, kwamfuta ba ruwanta da suna.

Ana gobe za a kai aiki, maigidan ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Ɗana, wannan f2 ɗin mece ce?"

"Farashi ne, Malam."

"Na me?"

Yaro ya buɗe baki, ya rufe. Da hannunsa ya rubuta, amma ta ɓace masa.

Malam bai yi faɗa ba. Ya ba shi labarin kumbon Mars Climate Orbiter da hukumar NASA ta Amurka ta yi asararsa a 1999: manhaja ɗaya ta fitar da lambobi a ma'aunin fam, wadda ta karɓa ta ɗauke su a ma'aunin niyuton. Sannan ya ɗauki hularsa.

"Manhajarka tana tafiya. In ka ga dama, mu kai ta haka."

Yaro ya zauna shi kaɗai. Ga barci a ido, ga alƙawarin hantsi, kuma Alhaji mai hatsin ba zai taɓa leƙa cikin rubutun ba. Ya rufe kwamfutar, har ya kai bakin ƙofa. Sai ya dawo.

Ya bi layi-layi yana raɗa suna: f ta zama farashin_buhu, f2 ta zama farashin_tiya, y ta zama yawan_buhuna. Can tsakar dare ya karanta wani layi, gabansa ya faɗi: yawan_buhuna sau farashin_tiya. Buhun da ke cin tiya 40, ashe a kuɗin tiya ɗaya za a riƙa sayar da shi.

Sai bayan azahar aka kai aikin. Alhaji ya ɗan yi mita a kan jinkiri, Malam ya ba shi haƙuri, bai ce komai game da daren ba.

Kai mai karatu, in kana da manhajar da ka rubuta bara, buɗe ta yau ka tambayi kowace ma'ajiya: na me?