Fuskar Bara a Gaban Maigida

Sa'ad da ma'aikaci ya komo daga zaman makoki, mukan yi masa gaisuwa rana ɗaya, kashegari mu sa rai ya kama aiki kamar dā. Ashe, baƙin ciki yakan ƙare ran da hutu ya ƙare?

Mu duba Nehemiya, sura 1 da 2. Shi mai shayarwa ne na Artashate, sarkin Farisa, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu. Labarin rushewar garun Urushalima, birnin kaburburan kakanninsa, ya iske shi a watan Kisle. Sai a Nisan, bayan wata 4, sarki ya ga alama a fuskarsa.

Abin lura, sarki ne ya fara tambaya, Nehemiya kuwa ya tsorata ƙwarai. Haka leburanmu da akawunmu su ke, gama wanda abincinsa ke hannunmu da wuya ya buɗe baki. Saboda haka, a ganinmu, nauyin tambaya a wuyan maigida ya ke. Sarkin ma bai tsaya ga sannu ba. Ya tambaye shi bukatarsa da ranar komowarsa, ya ba shi izinin tafiya, da takardu zuwa ga hakimai, da katako.